Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Nazarin Littafin Puhdistus na Sofi Oksanen

Akwai kalma guda ɗaya tak wadda ƙasar Rasha da ƙananan maƙwabtanta uku na bakin tekun Baltik, wato Estoniya da Latbiya da Lituweniya, suka shafe sama da shekara 30 suna ja-in-ja a kanta, har yau kuma ba a rabu ba. Kalmar ita ce mamaya. Ƙasashen nan uku sun ce abin da Tarayyar Sobiyet ta yi musu daga 1940 zuwa 1941, da kuma daga 1944 zuwa 1991, mamaya ce ta ƙarfin tuwo, suna kuma neman Rasha, wadda ta gaji kujerar Sobiyet, ta buɗe baki ta amsa. Ita kuwa Rasha ta ce sam, ai da ƙafarsu suka shigo, bisa yarjejeniya da yardar majalisunsu, dawowar sojanta a 1944 kuma ceto ne daga hannun Hitila.

Mai karatu yana iya cewa, to ina ruwan mujallar marubuta da rigimar jakadu da 'yan majalisa? Ruwanmu shi ne, ba a zauren majalisa kaɗai ake wannan gardama ba. Ana yin ta a cikin littattafai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kai ta kunnen duniya ƙagaggen labari ne. Sunansa Puhdistus, wato tsarkakewa ko shara da harshen Finlan, an kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 2010 da sunan Purge. Marubuciyarsa, Sofi Oksanen, an haife ta a 1977 a ƙasar Finlan, mahaifinta ɗan can ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Estoniya ce. Da farko wasan kwaikwayo ta rubuta, aka nuna shi a babban dandalin wasanni na ƙasar Finlan a 2007, sannan ta mayar da shi ƙagaggen labari a 2008. A shekarar ya ci kyautar Finlandia, a 2010 ya ci kyautar adabi ta majalisar ƙasashen arewacin Turai da kuma ta Femina ta ƙasar Faransa, an kuma juya shi zuwa harsuna fiye da 30.

Da yawa daga cikin masu yabon littafin suna ɗaukarsa tamkar takardar ƙara ce da aka shigar da Rasha a gaban alƙalin duniya. Ni a nawa karatun, duk inda littafin ya yi kyau, to wurin ne ya manta da cewa ƙara yake shigarwa, duk kuwa inda ya yi rauni, wurin ne ya tuna. Kafin in kawo hujjata sai mun ɗan waiwayi tarihi, domin wanda bai san abin da ya faru ba zai ɗauka rigimar 'yan'uwa mata biyu ce kawai a kan namiji.

A ranar 23 ga Agusta 1939 ministocin harkokin waje na Stalin da na Hitila, wato Molotov da Ribbentrop, suka sa hannu a yarjejeniyar kada ɗaya ya kai wa ɗaya hari. A bayanta akwai wata takarda ta sirri inda suka yi watandar gabashin Turai a tsakaninsu. Estoniya da Latbiya suka faɗa kason Stalin, bayan wata guda aka gyara rabon, Lituweniya ma ta biyo su. Kafin shekarar ta ƙare an tilasta wa ƙasashen uku su yarda a kafa sansanonin sojan Sobiyet a cikinsu. A watan Yuni 1940, daidai lokacin da hankalin duniya ya koma kan faɗuwar birnin Faris a hannun Jamusawa, aka ba su wa'adi na sa'o'i, soja suka kwararo, aka sauya gwamnatoci. A watan Yuli aka yi zaɓe wanda ba a bar kowa ya tsaya ba sai wanda aka yarda da shi, aka sanar da cewa sama da kashi 90 cikin 100 sun amince. Sababbin majalisun suka roƙi a shigar da su Tarayyar Sobiyet, a watan Agusta kuma aka yi musu alfarmar karɓarsu. Wannan roƙo shi ne yardar da Rasha ke kafa hujja da ita. Amurka ta sanar tun ranar 23 ga Yuli 1940 cewa ba ta amince ba, ba ta kuma sauya ba har shekara 50 suka wuce.

A daren 14 ga Yuni 1941 aka kwashe kimanin mutum 10,000 daga Estoniya kaɗai, aka cusa su a taragon dabbobi zuwa Siberiya. Mako guda bayan haka Jamus ta auka wa Sobiyet, ta riƙe yankin har 1944, sannan sojan Stalin suka dawo. Dubban maza suka shiga daji da bindiga, su ne ake kira 'Yan'uwan Daji. Domin a karya lagonsu, a kuma tilasta wa manoma shiga gonakin haɗin gwiwa, sai a ƙarshen Maris 1949 aka sake wata kwasar, cikin 'yan kwanaki aka ɗebe sama da mutum 90,000 daga ƙasashen uku, fiye da 20,000 daga cikinsu 'yan Estoniya, kuma akasarinsu mata ne da yara da tsofaffi. Wannan kwasa ta 1949 ita ce ƙashin bayan littafin da muke nazari.

Labarin ya buɗe ne a 1992, shekara guda bayan Estoniya ta sake samun kanta. Wata tsohuwa mai suna Aliide Truu tana zaune ita kaɗai a gidan gona a yammacin ƙasar, tana dafa kayan lambu tana ɗurawa a kwalabe saboda hunturu, yaran ƙauye kuma suna jifar gidanta da dare domin gwauruwar ɗan kwaminis ce. Sai ta hangi wani abu kamar ƙunshin tsumma a tsakar gida, ashe yarinya ce, Zara, wadda aka yaudaro daga Vladivostok, can ƙarshen gabashin Rasha, aka kai ta Balin aka sa ta karuwancin dole, ta samu ta kuɓuce wa kawalanta biyu, Pasha da Lavrenti. Zara tana jin harshen Estoniya, amma irin na tsofaffi, wanda ta koya a ɓoye wurin kakarta. A jikinta kuma akwai hoton 'yan mata biyu. Ɗaya kakarta ce, Ingel. Ɗayar kuwa ita ce tsohuwar nan da ta buɗe mata ƙofa.

Daga nan marubuciya ta riƙa kai mu tana dawo da mu tsakanin 1992 da shekarun 1930 zuwa 1950. Aliide ce ta fara ganin wani saurayi, Hans Pekk, ta kamu da sonsa, shi kuwa yayarta Ingel ya gani, ya aura, suka haifi Linda. Bayan yaƙi Hans ya zama abin nema, matan biyu suka ɓoye shi a wani ɗan ƙuryar ɗaki na sirri a cikin gidan, suka baza cewa ya mutu. Aka kama Aliide aka kai ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ofishin hukumar gari, aka yi mata abin da ake yi wa mata a irin waɗannan ɗakuna. Daga baya aka sake kai su su uku, har da ƙaramar yarinyar. Aliide ta fito ta auri Martin, jami'in jam'iyyar kwaminis, domin kada a sake taɓa ta. Da 1949 ta zo, ta sa hannu a takardar da ta tura yayarta da 'yar yayarta Siberiya, ta tare a gidansu ita da mijinta, ta ci gaba da ciyar da Hans a ɓoye a bayan bango, tana jiran ranar da zai dube ta. Ranar ba ta zo ba. A ƙarshe ita da kanta ta toshe masa maɓoyarsa ya mutu a ciki.

Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya zai ga ya san wannan zubi: 'yan'uwa biyu, saurayi ɗaya, kishi, makirci. Haƙiƙa ya san shi. Abin lura shi ne abin da mamaya ta yi wa kishin. A zaman lafiya, ƙanwar da ke ƙyashin yayarta iyakarta gaba da habaici, ko ta kai suna wurin boka. A 1949 kuwa hukuma ta ajiye mata alƙalami da takarda da jirgin ƙasa. Mugun halin nata ne, tun kafin zuwan soja take da shi, amma mulkin da ya zo shi ne ya ba wa halin haƙora. Oksanen ba ta taɓa tsayawa ta yi mana wannan bayani ba, ta bar mu ne mu ga yadda hassadar cikin gida da umarnin Mosko suka haɗu a kan takarda guda, har ba mai iya raba su.

A nan ne nake ganin littafin ya fi kowace sanarwar majalisa faɗin abin da mamaya take nufi. 'Yan majalisa suna ƙirga tankoki da ranaku da sassan doka. Marubuciya kuwa ta nuna cewa baƙon mulki ba ya zama a gari sai ya sami wanda zai nuna masa ƙofar kowa, kuma in bai samu ba, yana da hanyar ƙera shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, amma karin maganar bai faɗi yadda ake samo ɗan garin ba. Littafin nan ya faɗa. Aliide ba ta shiga ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa a matsayin maciyiyar amana ba. Ta shiga ne domin ta ƙi tona asirin Hans, ba ta kuma tona ba. Abin da ta fito da shi daga ɗakin shi ne kunya da tsoro, su ne kuma suka kai ta gidan Martin. Saboda haka mai karatu ba ya samun damar zama a kujerar alƙali cikin natsuwa. In ya ce azzaluma ce, sai ya tuna ɗakin. In ya ce abar tausayi ce, sai ya tuna Linda.

Akwai wani ɗan wuri da nake roƙon 'yan'uwa masu koyon rubutu su karanta sau biyu. Bayan abin da ya same ta, Aliide takan gane sauran matan da aka taɓa kai wa ɗakin, ba don an gaya mata ba, sai daga yadda suke tafiya da yadda suke kawar da ido. Mai karatu zai zaci za ta matsa kusa da su, tunda ciwonsu ɗaya. Ina! Gudunsu take yi, ba ta son a gan ta kusa da ko ɗaya daga cikinsu, kada wani ya dube su ya dube ta ya gane. Marubucin da bai san mutane ba zai haɗa matan nan su rungumi juna su yi kuka. Oksanen ta san cewa wulaƙanci raba mutane yake yi, kuma mai yin sa ya san da haka, shi ya sa yake yi. Wannan kuma ya bayyana mana dalilin da ya sa shaida take wuyar samuwa bayan shekara 40, domin waɗanda aka yi wa abin su ne suka fi kowa son a binne shi. Marubuciyar ta bayyana a wani littafinta na 2023 cewa a danginta akwai wata da aka tafi da ita tambaya dare guda, ta dawo da safe, daga ranar kuma kusan ba ta sake magana ba har ta mutu. Linda ta cikin labari ma haka ta girma, ba ta cika magana ba, 'yarta Zara ta tashi a hannun uwa mai shiru ba tare da ta san dalili ba.

Ta fuskar salo, littafin na ɗakin girki ne. Kusan duk abin da ya faru a 1992 tsakanin murhu da tebur da ƙofa ya faru, mata biyu suna shan abu mai zafi, kowace tana yi wa 'yar'uwarta ƙarya, kowace tana auna abin da ɗayar ta sani. A nan ake ganin asalinsa na wasan kwaikwayo, kuma ya amfane shi, domin jan ran da ke cikinsa daga zance yake fitowa, ba daga harbe-harbe ba. Tun shafin farko akwai ƙuda da tsohuwar ke fama da shi kada ya sauka a kan nama, ƙudan nan kuma bai bar littafin ba har ƙarshe, inda muka tarar a takardun 'yan sandan asiri cewa sunan da suka laƙaba wa Aliide a matsayin mai kai musu rahoto shi ne Ƙuda. Haka nan takalman soja. Macen da aka durƙusar ba ta ganin fuska, takalmi take gani, don haka a idon Aliide duk wani sabon mulki sabon takalmi ne kawai. Ga warin albasa da ke jikin Martin, wanda da shi kaɗai muka san yadda take ji da auren, ba tare da ta ce uffan ba. Ba a ce mana ana tsoro ba, an sa mu mun shaƙi warinsa.

Sai dai kash, littafin yana da inda ya gaza, kuma gazawar tana da alaƙa da gardamar da muka faro da ita.

Marubuciya ta jera wahalar Zara ta 1992 kusa da ta Aliide ta shekarun 1940 domin ta ce abu ɗaya ne yake maimaita kansa, jikin mace da ƙasar da aka mamaye duk ganima ce a hannun mai ƙarfi. Ta ƙara ɗaure zancen da cewa Lavrenti tsohon jami'in KGB ne. To, amma a nan hannunta ya fito fili. Aliide mutum ce mai ciki da waje, tana iya ba ka mamaki a kowane shafi. Pasha da Lavrenti kuwa kusan ba su da komai sai mota da jakar fata da mugunta, ba ka jin wani abu ya taɓa hana su barci. Haka mazan ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in an ce ai da gangan aka hana su fuska domin da idon wadda aka zalunta muke kallo, na yarda, amma sakamakon shi ne duk littafin babu Barashe namiji ko ɗaya da aka ba shi rai irin wanda aka ba tsohuwar. In ana neman al'umma ta dubi abin da aka yi da sunanta, sai an miƙa mata madubin da za ta ga mutum a ciki. Wanda aka nuna wa dodo cewa zai yi ba shi ba ne, kuma ya yi gaskiya. Sa'annan wuraren da aka kwatanta abin da ake yi wa Zara a Balin an faɗi komai dalla-dalla, alhali ɗakin shekarun 1940 ɗin da aka bar rabinsa a duhu ya fi su tayar da hankali nesa ba kusa ba.

Ba ni kaɗai na ga wannan ba. A Estoniya kanta, inda aka yi ta sayen littafin, wasu marubuta, har da marigayi mawaƙi Jaan Kaplinski, sun koka cewa baƙi za su ɗauke shi a matsayin tarihi, su zaci shekarun Sobiyet duka duhu ne da fyaɗe da kisa, alhali mutane sun yi aure, sun yi karatu, sun yi raha, sun kuma yi rubutu. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ba laifin marubuci ba ne in mai karatu ya ƙi neman littafi na biyu. Wanda ke son ɗaya fuskar sai ya nemi Jaan Kross, wanda Jamusawa suka tsare a 1944, Sobiyet suka kama shi a 1946, bai dawo gida ba sai 1954, sannan ya zauna a cikin mulkin ya riƙa rubuta labaran tarihi na zamanin sarakunan Rasha, masu karatunsa kuma suka gane da wanda yake. Ko kuma Sergei Dovlatov, Barashen marubuci da ya yi aikin jarida a Tallin a shekarun 1970, ya mayar da ƙaryar jaridun lokacin abin dariya.

Abu na ƙarshe da nake ƙorafi a kai shi ne takardun 'yan sandan asiri da aka jibga a ƙarshen littafin. Dabara ce mai kyau a nuna yadda hukuma ke rubuta rayuwar mutum da busasshen harshe bayan mun gan ta da jini da tsoka. Amma an ɗora wa takardun nauyin warware ƙulle-ƙullen da ya kamata labarin ya warware da kansa, sai ka ji kamar lauya ne ya miƙe yana miƙa wa kotu shaida ta ɗaya da ta biyu. Shekarun Jamusawa kuma, 1941 zuwa 1944, an bi ta kansu da sauri, alhali a cikinsu ne aka kashe kusan duk Yahudawan da suka rage a Estoniya, kimanin 1,000, da hannun 'yan ƙasa a ciki. Oksanen ta koma wa wannan zamani a littafinta na 2012, mai suna da ke nufin lokacin da tattabaru suka ɓace, inda tauraron mutum ne da ya yi wa Jamusawa aiki, ya juya ya yi wa Sobiyet, har aka ba shi aikin rubuta tarihi.

Mu koma ga kalmar nan. Abin mamaki shi ne an taɓa zuwa dab da amsa ta. A ranar 23 ga Agusta 1989, shekara 50 cif da watandar, kimanin mutum miliyan 2 suka riƙe hannun juna daga Tallin, ta Riga, har Vilnius, tafiyar sama da kilomita 600. A ranar 24 ga Disamba na shekarar, babbar majalisar wakilan Sobiyet ta amsa cewa takardar sirrin nan da aka yi shekara 50 ana musun akwai ta gaskiya ce, ta kuma la'ance ta. A 1990 Gorbachev ya amsa kisan hafsoshin Folan a Katyn. A yarjejeniyar da Yeltsin ya sa wa hannu da Lituweniya a watan Yuli 1991 an ambaci haɗiye ƙasar da aka yi a 1940. Sojan Rasha sun fice daga Lituweniya a 1993, daga Estoniya da Latbiya a 1994. Daga nan sai ƙofar ta fara rufuwa. A 2005, lokacin bikin cika shekara 60 da gama yaƙi, majalisar dokokin Amurka ta nemi Rasha ta fito fili ta amsa mamayar, shugabannin Estoniya da Lituweniya suka ƙi zuwa bikin Mosko, shugabar Latbiya, Vaira Vike-Freiberga, ta je. Amsar Putin ita ce an riga an yi magana a 1989, ba za a yi ta maimaitawa ba. A shekarar Rasha ta janye sa hannunta daga yarjejeniyar iyaka da Estoniya saboda majalisar Estoniya ta ƙara wata shimfiɗa da ta taɓo tarihin. A 2007, shekarar da aka fara nuna wasan Oksanen, ɗauke gunkin sojan Sobiyet daga tsakiyar Tallin ya jawo tarzoma har aka rasa rai guda. A 2016 kotu a birnin Perm ta ci tarar wani mutum rubul 200,000 saboda ya yaɗa rubutun da ya ce Sobiyet da Jamus tare suka auka wa Folan. A 2020 Putin ya rubuta maƙala yana nanata cewa shigar ƙasashen Baltik bisa doka ta kasance. A ƙarshen 2021 kotu ta rushe ƙungiyar Memorial, wadda 'yan Rasha suka kafa domin tattara sunayen waɗanda mulkin Stalin ya hallaka, ita ce kuma ta sami rabo a kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2022, shekarar da Rasha ta auka wa Yukiren gaba ɗaya.

Me ya sa kalma ɗaya take da nauyi haka? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai kuɗi, domin tun 2000 Lituweniya ta yi dokar neman diyya. Akwai mutane, domin a ƙidayar 1934 'yan asalin Estoniya kashi 88 cikin 100 ne na ƙasarsu, a ta 1989 sun koma kashi 61 da ɗoriya, kuma da hujjar cewa mamaya aka yi ne Estoniya da Latbiya suka ƙi ba wa waɗanda suka shigo bayan 1940 takardar zama ɗan ƙasa kai tsaye, dubban ɗaruruwa suka wayi gari ba su da ƙasa, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. Sannan akwai wanda ya fi su duka, wato nasarar 1945, wadda Sobiyet ta saya da rayuka kimanin miliyan 27. Gidan da ya rasa kaka a wannan yaƙi, ka ce masa sojan da ya kori Hitila daga Tallin shi ne kuma ya tsare ƙofar tarago a 1949, ba ƙaramin abu ka nema ba. Duka biyun kuwa gaskiya ne, kuma ƙagaggen labari yana iya riƙe su tare a jikin mutum guda, kamar yadda Oksanen ta riƙe su a jikin Aliide. Abin takaicin shi ne ba ta gwada haka a jikin Barashe ba.

Su ma masu neman a amsa musu, laifi tudu ne. A Lituweniya an kashe kusan kashi 95 cikin 100 na Yahudawan ƙasar a zamanin Jamusawa, kuma 'yan ƙasa da yawa sun taimaka. Da marubuciya Ruta Vanagaite ta fitar da littafi a kan wannan a 2016, ta sha zagi. A 2017, bayan wasu kalamai da ta yi a kan wani jagoran mayaƙan daji waɗanda daga baya ta janye wani ɓangarensu, kamfanin da ke buga mata ya kwashe littattafanta duka daga kasuwa. Wannan bai wanke Rasha ba ko kaɗan, kamar yadda sa hannun Aliide bai wanke waɗanda suka kawo jirgin ba. Amma ya nuna cewa Oksanen ta yi abin da ya fi wuya a lokacin da ta sa alƙalamin a hannun 'yar Estoniya, alhali tana da damar sa shi a hannun baƙo kowa ya tafa mata.

Mai karatu ya lura kuma da cewa a duk littafin Aliide ba ta taɓa buɗe baki ta amsa laifinta ba. Ta gane ko wace ce Zara, Zara ma ta san ko wace ce ita, amma ba a yi zaman da za a ce na yi, ki yafe ni ba. Da kawalan suka iso, sai ta tura yarinyar cikin ƙuryar nan da ta taɓa ɓoye kakanta, daga baya ta harbe mutanen biyu. Ta rubuta wa yayarta takarda a kan maganar mayar mata da gida da gona, domin a shekarun ne Estoniya ke mayar wa waɗanda aka kora dukiyoyinsu. Zara ta kama hanya. Ita kuwa tsohuwar ta shiga shirin cinna wa gidan wuta, ta kwanta kusa da ƙasusuwan Hans.